Wanka a hanya: yadda direbobin tirela ke yi a Amurka, Kanada da Turai

Sabon Direba: Assalamu alaikum manyanmu. Tambaya ce ga waɗanda suka daɗe suna jan tirela a waje. Mutum zai yi kwana biyar ko shida a hanya, gadonsa na bayan kujera, a ina yake wanka? Nawa ake biya, kuma ta yaya ake sanin wurin da ke da shi tun kafin a isa?

Na I-80: Wa alaikumus salam. A Amurka wanka da shan mai tare suke tafiya. Manyan gidajen man tirela da za ka fi cin karo da su su ne Pilot Flying J, Love's da TA/Petro. Kowanne yana da katinsa na kwastoma, kyauta ake yi, a kanta ko a manhajarsu. Ka sha dizal galan 50, wajen lita 190 ke nan, ko ɗan fiye da haka a wasu gidajen, sai a saka maka wanka ɗaya a kati. Ko da kamfani ne ya biya kuɗin man, wankan naka ne. In kati babu komai, aljihunka ne zai ji, dala 15 ko sama da haka a yawancin wurare. Inda sababbi ke tafka asara shi ne su fara zuba mai ba su saka katin a famfo ba, ko su sha galan 30 nan, 30 can, su tashi a tutar babu. Wankan kuma yana da wa'adi, kwanaki kaɗan ne ya ƙone, sannan na wannan gidan ba ya aiki a wancan.

Alhaji Mai Firiji: Ga yadda ake shiga. Akwai na'ura a ɓangaren direbobi, ka goga kati ta ba ka tikiti mai lambar layi da lambar ƙofa. Ka zuba ido a allo ko ka saurari lasifika, in an kira lambarka za a faɗi ɗaki na nawa ne. Ɗaki ne kai kaɗai, da shawa, da masai, da wurin wanke fuska, da tawul wankakke da ɗan sabulu. Da manhaja kana iya shiga layi kana zaune cikin mota, amma kada ka danna sai jakarka na hannu, don in aka kira ka ka daɗe, ɗakin yana iya wuce ka. Ka kunna ruwa ka taɓa shi kafin ka tuɓe. In zafi bai zo ba, ko ka tarar ba a gyara ɗakin ba, koma kanta a canza maka, ba abin kunya ba ne.

Sabon Direba: Na gode Alhaji. To lokaci fa? An ce da yamma layi ba ya motsi.

Na I-80: Gaskiya aka faɗa maka. Dokar Amurka ta ba direba awa 11 na tuƙi cikin awa 14, sai hutun awa 10, kuma yawanci da asuba ake tashi, saboda haka kowa da yamma agogonsa ke ƙarewa. Daga ƙarfe 5 zuwa 9 na dare ga layin wanka, ga rashin wurin fakin. Dabara ita ce ka raba wanka da wurin kwana. Akwai hutun minti 30 na dole bayan awa 8 na tuƙi. Ka sa shi ya faɗo da hantsi ko da azahar a gidan man da kake da wanka a kati, ɗakuna a lokacin kusan duk a buɗe suke. Amma ka janye mota daga bakin famfo ka yi fakin tukuna. Barin tirela a famfo a tafi wanka shi ne abin da ke haɗa direbobi faɗa. Wuraren hutu na gwamnatin jiha kuwa kada ka sa rai, masai ne kawai galibi. Manhajar Trucker Path tana nuna wurin da ke da shawa da ko fakin ya cika. In hanya ta bi da kai Walcott a Iowa, mafita ta 284 a kan babbar hanyar I-80, gidan man Iowa 80 na nan da ɗakunan wanka 24.

Ɗan Ontario: A Kanada a kula da gidajen man da ake sha da kati kawai, babu ma'aikaci. Famfo ne tsaye a fili, wasu da banɗaki, wasu babu ko ƙofa. Kan babbar hanya ta 11 da ta 17 a arewacin Ontario tsakanin wuri da wuri akwai nisa, sai a yi wanka kafin a shiga. Da hunturu ka busar da kai, ka sa hula kafin ka fito, tafiyar filin fakin kaɗai ta isa sanyi ya ratsa ka.

Malam Na Jamus: Turai daban take, ba a cika ɗaura wanka a kan mai ba. A Jamus akwai wurin hutu da ke kan babbar hanya, akwai kuma wanda ake kira Autohof, wanda sai ka sauka a mafita. Autohof ya fi: ana biyan kuɗin fakin na dare, amma sau da yawa a mayar maka da shi ko wani kaso a matsayin takardar cin abinci. Makullin shawa a kanta ake karɓa, wani wurin sai ka ajiye jingina. Tawul naka za ka kawo, ka kuma riƙe sulallan yuro, don wasu da sulalla ruwan ke zuwa, yana ɗaukewa kana cikin kumfa. Ranar Lahadi motar da ta haura tan 7.5 ba ta tafiya daga tsakar dare zuwa ƙarfe 10 na dare, ke nan inda ka tsaya ranar Asabar nan za ka wuni, kada ka tsaya inda babu ruwa. A Faransa nemi gidajen abinci masu alamar Les Routiers, ja da shuɗi. Wanda ya ci abincin dare wanka kan zo masa kyauta ko da araha.

Mai Dover: Malam ya bar ɗaya. Jiragen ruwan Dover zuwa Calais suna da falon direbobin kaya da shawa a ciki, kuma tsallakawar wajen awa ɗaya da rabi ce. Kana hawa ka wuce can kai tsaye, abinci daga baya, don ɗakunan ba su da yawa.

Alhaji Mai Firiji: Jakar wanka ta zauna a ɗaure kusa da ƙofa: silifas na roba, kada ƙafa ta taɓa daɓen nan, nan ake kwaso ƙaiƙayin yatsu, soso, sabulu, kaya masu tsabta a leda ɗaya, leda ta biyu don masu datti, da ƙaramar buta, tunda ba a ajiye ruwan tsarki a banɗakunan. Makullin mota da walat su shiga ɗakin tare da kai. A mota kuma a bar jarkar ruwa mai lita 10 da ƙaramin baho, saboda ranar da wurin sauke kaya ya riƙe ka har agogo ya ƙare a bakin get ɗinsu.