Murjanina na Acropora yana yin fari daga ƙasa

Baban Sadiƙ, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙaramin tankin ruwan gishiri mai lita 60, na sa murjanin teku mai rai iri biyu, Acropora da Montipora. Kifayen lafiya lau, amma Acropora ya fara fari daga gindi. Abin ya dame ni ƙwarai. Me zan yi?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Duba zafin ruwan tukuna, ka tsayar da shi tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Celsius. Zafi kan sa murjani ya kori ƙananan tsirran da ke cikin jikinsa, su ne ke ba shi launi da abinci.

Malam Na-Teku, Fot Sudan:
Baban Sadiƙ, fari daga gindi ya fi kama da tangal-tangal ɗin alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami. Murjani mai ƙashi yana zuƙe alkaliniti da kalsiyam (sinadarin gina ƙashi) kullum, ƙaramin tanki kuwa nan da nan yake canzawa. Riƙe alkaliniti wajen 8 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam wajen 420 ppm (kashi cikin miliyan), gishiri 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa. Ruwan da zafi ya shanye, ka cike da tataccen ruwa marar gishiri. Yanke reshen da ke da rai ka manna a wani dutse tun yau.

Baban Sadiƙ:
Na gode, Malam. Da yamma zan auna.