Abin da Aka Tsayar a Zaman Tudun Wada kan Ilimi da Haƙƙin Ɗan Adam

Malaman makaranta da iyaye da wasu ɗaliban lauya daga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello sun zauna a Tudun Wadan Zariya, suka tattauna yadda karatu zai sa mutum ya san haƙƙinsa, ya kuma kiyaye na wani.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun bulala. Wata malamar firamare ta ce yaron da ake zane wa jiki kullum ba zai yarda yana da mutunci ba, ko da ya haddace babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, mai magana kan haƙƙin ɗan Adam. Wani dattijo ya ja, ya ce tarbiyya sai da tsawatarwa. Aka daidaita a kan a hori yaro da aiki da nasiha, a daina zagin iyayensa a gaban aji. Ni dai ina bayan malamar.

Ɗaliban lauya suka nemi a riƙa koyar da abin da zai amfani mutum a caji ofis, kuma da Hausa: beli kyauta ne, sashe na 35 na kundin tsarin mulki kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa.

Iyaye aka tunatar da su dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, har da 'ya mace mai talla. An kuma roƙi malaman Islamiyya da na allo su riƙa haɗa darasin haƙƙin maƙwabci da maraya da abin da dokar ƙasa ta tanada.