Ɗana ya kafe sai tuƙin jirgi mai saukar ungulu na soja, ina neman shawara

Baban Abba, Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a Fagge. Ɗana na biyu yana aji shida na sakandare. Tun yana firamare, da ya ji ƙarar jirgin soja daga wajen filin jirgin Malam Aminu Kano sai ya bar kwanon tuwo ya fita tsakar gida yana ɗaga kai. Yanzu ya ce shi jirgi mai saukar ungulu zai tuƙa. Mahaifiyarsa kwana biyu ke nan ba ta da sukuni. Ni kuma ban san ta ina ake farawa ba, ba ni da kowa a sama. Don Allah wanda ya sani ya haska min.

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam, Malam. Gyaran jirage na yi a sojan sama har na yi ritaya. Ƙofar ita ce NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja. Ya zaɓe ta a JAMB, ya ci jarrabawar tantancewa, sannan a kira shi gwajin lafiya da na ƙarfi. A nan ake zubar da yara da yawa, musamman a ido. Akwai littafi mai ɗige-ɗigen launi da lamba ɓoye a ciki, wanda bai bambance ja da kore ba, tuƙi ya wuce shi. Ka kai shi a duba tun yanzu. Ya kuma riƙe lissafi da fiziks da kyau.

Ka gaya masa gaskiya: ba kowane hafsan sojan sama ke tuƙi ba, sai an sake tacewa. Ana fara koyo da ƙananan jirage a Kaduna, masu jirgin yaƙi su zo nan Kano kan jirgin koyo na L-39, masu saukar ungulu kuma su nufi Inugu. Daga baya ne ake hawa irin su Mi-35 ta Rasha ko Agusta 109 ta Italiya.

Maman Hanifa:
Malam, kar ka raina tsoron uwargidanka, tana da hujja. Jirgin nan ƙasa-ƙasa yake bi, a Sambisa da dajin Zamfara. Amma ina tuna Tolulope Arotile, mace ta farko da ta tuƙa shi a fagen daga a Najeriya. Ta je ta dawo lafiya, sai mota ce ta buge ta a barikin Kaduna a 2020, tana da shekara 24. Na yi kuka ranar. Ku zaunar da mahaifiyarsa, yaron da bakinsa ya nemi albarkarta.

Ɗan Gwale:
Baba, batun rashin kowa a sama kar ya sa ka ba wani kuɗi. Masu cewa "kawo a sa sunansa" sun ci na maƙwabcinmu, ko takardar kira bai gani ba. Kuma Sadique Abubakar na Azare, da ya shugabanci sojan sama daga 2015 zuwa 2021, irin wannan jirgin ya tuƙa.

Baban Abba, Kurna:
Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar in sha Allahu zan rufe shago da wuri mu je wajen likitan ido. Maman Hanifa, na karanta wa mahaifiyarsa naki, ta yi shiru, daga baya ta ce a kira mata shi.