Ta yaya zan haɗa tarihin kakanmu?

Kakanmu ya rasu, iyali suka ɗora mini rubuta tarihinsa da za a karanta a coci ranar jana'iza. Fasto ne shekaru masu yawa, tsohon soja kuma, ga jikoki da suka tashi a hannunsa. Shekarunsa na soja ne suka tsaya mini. Bai taɓa yarda ya yi maganar yaƙi ba, sai wani hoto da kaki da lambar yabo da muka tarar a akwatinsa. Shin in ambaci abin da shi kansa ya zaɓi ya rufe, ko in tsaya kan wa'azinsa da yadda ya riƙe mu? Don Allah, wanda ya taɓa fuskantar haka ya ba ni shawara.