Neman shawara: ina so in ɗinka kilt na farko da hannuna

Ɗan Zazzau a Abardin:

Assalamu alaikum. Ina aiki a birnin Abardin na ƙasar Sikotilan, kuma wani abokin aikina ɗan ƙasar zai yi aure nan da wata biyar, ya roƙe ni in shiga sahun abokan ango, waɗanda dukansu za su sa kilt, wato tufar nan ta mazan Sikotilan mai tattara a baya wadda ake ɗaurawa a ƙugu. Na san ana bayar da ita haya a shaguna da yawa, amma na yi shekara huɗu a shagon kawuna a Zariya ina koyon ɗinki kafin in fito karatu, kuma zuciyata ta fi kwanciya da in ɗinka tawa. Na juya wata da aka ara mini ciki da waje, na ga aikinta ya bambanta da duk abin da na taɓa ɗinkawa. Ina neman wanda ya taɓa yi ya gaya mini yawan yadin da zan saya, ko keke zai iya aikin, da irin zanen da ya dace da mutumin da ba shi da dangi a cikinsu. Akwai kuma maganar tsawo, domin ba na so gwiwata ta fito.

Hajiya Mai Allura:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ɗinka guda uku a nan Gilasgo, kuma wata dattijuwa maƙwabciyata da ta yi aikin shekaru masu yawa ita ce ta zaunar da ni ta koya mini. Abin da ta fara gaya mini shi ne in ajiye almakashi in ɗauki tef da takarda, domin yawancin aikin lissafi ne, kuma zanen yadin ne yake faɗa wa tela inda kowace tattara za ta faɗa.

Awo uku za ka ɗauka: ƙugu a daidai cibiya, domin a nan ake ɗaura ta, sama da inda wando yake tsayawa, sai mazaunai a inda suka fi faɗi, sai tsawo daga ƙugu zuwa ƙoƙon gwiwa. Cikakkiyar kilt ta namiji tana cin kusan yadi 8 na ulu mai faɗi ɗaya, amma da yake yawancin wanda ake sayarwa yanzu mai faɗi biyu ne, yadi 4 za ka saya ka raba shi gida biyu ta tsawonsa, ka haɗa su a cikin wata tattara inda haɗin ba zai fito ba. Nauyin ulun ma yana da muhimmanci. Mai oza 16 a kowane yadi shi ne mai nauyi, ya fi riƙe guga kuma ya fi lilo idan mutum yana tafiya, mai oza 13 kuma matsakaici ne, ya fi sauƙin shigar allura.

Ga yadda yadi 8 ɗin yake ƙarewa. A ce mazaunanka inci 40 ne, ƙugu kuma 34. Kusan rabin kowanne shi ne baya, wato inci 20 a mazaunai da 17 a ƙugu. Idan kowace tattara ta nuna kashi uku cikin huɗu na inci a mazaunai, tattara 27 za ka yi, kuma kowacce sai ta tsuke zuwa kusan kashi biyar cikin takwas na inci a ƙugu. Yanzu ka auna zanen daga inda ya fara zuwa inda ya sake maimaituwa. Idan inci 6 ne, to kowace tattara za ta haɗiye wannan inci 6 ɗin tare da faɗin fuskarta, ka ga tattara 27 sun cinye yadi 5 da ɗan ɗoriya. Ragowar shi ne fuskoki biyu na gaba masu hawa kan juna, da manyan ninki biyu na gefe. Wannan jerin shi ne yake sa zanen ya fito a baya cif kamar yadda yake a gaba. Akwai wani salon da ake ɗora layi guda a tsakiyar kowace tattara, wanda sojoji suka fi yi, kuma ga mai koyo ya fi sauƙin bi da ido.

Daga ƙugu zuwa mazaunai kaɗai ake ɗinke tattarar, ƙasan kuma a bar shi sake. Ni da hannu nake yi, ɗinki ƙanana a gefen ninkin, ina duba layukan kwance su haɗu a kowane taku, domin idan layi ɗaya ya goce da ɗan kaɗan, daga nesa ake ganinsa. Bayan nan sai a yanke rarar ulun da ta taru a ciki wajen ƙugu, a ɗinka yadi mai tauri irin wanda teloli suke sa wa a ƙirjin kwat, sannan a rufe da shafi. Wannan mai taurin shi ne yake ɗaukar jan maɗauran fata, kuma idan babu shi ulun zai miƙe cikin ɗan lokaci.

Malam Na Edinbura:

Hajiya ta gama maganar ɗinki, ni kan zane zan tsaya. Kada ka damu da rashin dangi, ɗan'uwa, domin babu dokar da ta hana kowa sa wani tatan, wato zanen layuka masu gitta juna da ke jikin yadin kilt, al'ada ce kawai da kara. Akwai waɗanda kowa yake sawa, kamar Black Watch mai launin kore da shuɗi da baƙi, wanda asalinsa na rundunar soja ne, da Royal Stewart mai ja. Akwai kuma rajistar tatan ta hukuma da aka buɗe a 2009 a nan Edinbura, kana iya duba ta a intanet ka ga zanen da ma'abotansa suka taƙaita amfani da shi. Amma kafin komai ka tambayi angon, domin sau da yawa shi yake zaɓa wa abokansa zane ɗaya, kamar yadda muke fitar da anko a gida.

Ina kuma so ka san dalilin da ya sa suke riƙe tufar da daraja. A 1746, bayan an murƙushe tawayen da ya ƙare a yaƙin Culloden, gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mazan tsaunukan arewa sa ta, in ban da sojoji, kuma ba a ɗage dokar ba sai 1782. Wanda ya san wannan zai gane abin da ya sa ba su son a kira ta siket.

Tela Garba:

Zan ɗan saɓa wa Hajiya a kan keke. Ana ɗinka kilt da keke, kuma masu araha da ake gani a kasuwa duk haka aka yi su, sai dai zaren yana fitowa a fuskar tattara kuma keke yana jan ulun ƙasa fiye da na sama, layuka su goce. Shawarata ka sayi yadi mai araha na roba mai zanen tatan, ka yi gwaji da tattara goma ta hanyoyin biyu, ka gani da idonka kafin ka taɓa ulu mai tsada.

Kuskuren da na yi a tawa ta farko shi ne wajen haɗa rabi biyun. Zanen da na saya ba ya maimaituwa daidai ta hagu da dama, ban lura ba, da na juya rabi na biyu don bakin saƙar ya koma ƙasa sai jerin launukan ya juye, kuma sai da na kai tattara ta sha biyar na gani. Na warware aikin kwana shida. Black Watch da Royal Stewart ba su da wannan matsala. Wajen guga kuma, ka fara kama tattarar duka da farin zare daga sama har ƙasa, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle, ka danna dutsen guga ba tare da ka ja shi ba, sannan ka ɗora katako mai nauyi a wurin har ya huce.

Hajiya Mai Allura:

Na manta da tambayarka ta tsawo, ƙanena, kuma ita ce ya kamata ka yanke kafin almakashi ya taɓa yadin. Kilt ba ta da kalmasa, bakin saƙar yadin shi ne ƙasanta, saboda haka daga sama ake rage tsawo, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. A al'adarsu tana tsayawa a tsakiyar ƙoƙon gwiwa ko samansa kaɗan. Ka tsaya a miƙe wani ya auna ka, kada ka sunkuya ka auna kanka, ka ƙara inci ɗaya da rabi don ta rufe gwiwar, sannan ka bar inci 2 a sama da layin maɗauri. Doguwar safar da ake sawa tana zuwa har ƙasan gwiwa, kuma gajeren wando mai duhu a ciki ba wanda zai yi maka magana a kansa. Idan ka sa ƙarfen adon nan, wato babban fil ɗin da ake maƙalawa a gaban kilt, ka soka shi a fuskar sama kaɗai, domin idan ya haɗa biyun zai yaga ulun da zarar ka buɗe ƙafa.

Ɗan Zazzau a Abardin:

Allah ya saka muku da alheri, Hajiya da Malam da Tela Garba. Na kira angon, ya ce Black Watch za mu sa. Na auna wadda aka ara mini, na ƙirga tattara 26, kuma ranar Asabar zan sayo yadin gwaji in fara da goma kamar yadda aka ce.