Furen da ke rina abinci shuɗi: ni dai na tsaya a kan "waken shuni"

Jama'a, masu koyar da girki sun fara ambaton wani fure wai shi butterfly pea, kuma kowa da sunan da yake laƙaba masa. Gara mu tsayar da guda tun bakin mutane bai saba da na Turanci ba.

Tsiro ne mai yaɗo, ɗan dangin wake, har kwanso yake yi mai 'ya'ya a ciki. Masana suna ce masa Clitoria ternatea, daga sunan tsibirin Ternate na Indonesiya. A Tailan anchan ne, ana jiƙa furen a sha da zuma da lemon tsami. A jihar Kelantan ta Malesiya kuwa bunga telang ne, da shi ake rina shinkafar nasi kerabu ta fito shuɗiya shar. A 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa rina abinci da ruwansa.

Wasu sun fassara sunan Turancin kai tsaye, suka ce "waken malam-buɗe-littafi". Wa zai tsaya gaban mai shago ya furta wannan? Ya yi tsawo, kuma bai faɗi aikin furen ba.

"Shuɗin zoɓo" ya fi jan hankalina, don yadda ake jiƙa su ɗaya ne, sinadarin launinsu ma dangi ɗaya ne. Sai dai zoɓo ɗan'uwan rama da kuɓewa ne, ba na wake ba, ga shi da tsami. Wannan ruwansa salam yake, kusan babu ɗanɗano. Uwargida ta saya da sunan zoɓo, ai za ta ce an cuce ta.

Shi ya sa na zaɓi "waken shuni". Wake ya nuna danginsa, shuni ya nuna aikinsa. Baban da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata ma ɗan dangin wake ne, ka ga ba a yi nisa da gida ba. Sannan in an matsa lemon tsami a ruwan furen, nan take shuɗin ke komawa shunayya, kalmar da shuni ke zaune a cikinta. Busasshen da ake sayarwa sai a ce "furen shuni", abin shan kuma "shayin shuni".

Abu guda nake jin tsoro: kada wani ya ji "shuni" ya ɗebo na marina ya zuba a tukunya. Wancan na tufa ne, ba a ci. Don haka duk mai rubuta girki ya haɗa da "wake" ko "fure", kada ya bar shunin shi kaɗai.