Wace ƙugiyar raba nauyi zan saya wa ƙaramar tirelata?

Assalamu alaikum, masana harkar mota, ku taimaka min da shawara. Ina jan ƙaramar tirelar kwana da Hilux tsakanin Birnin Kebbi da Yawuri. Da na ɗaura ta sai bayan motar ya zauna, gaba ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako. Da dare fitilu sama suke haskawa.

Tirelar da kayanta kilo 1,400 ce, wajen kilo 170 ke danne ƙugiyar da ke haɗa ta da motar. Ƙugiyoyin raba nauyi, wato masu sandunan ƙarfe da ke mayar da wani ɓangare na nauyin kan tayoyin gaban mota da na tirela, biyu na samu: mai sandunan da ke ɗaukar laba 600 (wajen kilo 270) da mai laba 1,000 (wajen kilo 450). Makanikina ya dage sai babbar, ni kuwa tsorona kada taurinta ya lanƙwasa ƙarfen gaban tirelar a ramukan hanya. Wacce ta dace? Kuma kayan da ke bodin motar suna shiga lissafi?